Amanar Alƙalami: Ma'aikacin Tantance 'Yan Ƙasa da Marasa Gata a Gadarif



Garin Gadarif yana gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Khartum, jiharsa kuma tana iyaka da Habasha. Ana yi masa kirari da rumbun Sudan, domin tun daga shekarun 1940 aka fara noman damina da injina a yankin, har dawarsa da riɗinsa suka yi suna a kasuwannin duniya. Cikin waɗanda guminsu ya gina wannan arziki akwai Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda mutanen ƙasar ke haɗawa a suna guda su ce Fallata ko Takarir. Wanda ya shiga wasu unguwannin garin da ƙauyukan kewaye zai ji Hausa tana tashi kamar yana Maradi ko Katsina, alhali mai maganar da ubansa da kakansa duk a nan aka yanke musu cibiya.

Duk da wannan daɗewa, tambayar nan ta "kai ɗan wace ƙasa ne?" ba ta daina bibiyar da yawa daga cikinsu ba. Wanda ke amsa ta a aikace kuwa ba minista ba ne, ba kuma ɗan majalisa ba. Ƙaramin jami'i ne da ke zaune a bayan tebur a ofishin rajistar jama'a, da fayil a gabansa da dogon layi a bakin taga. A kan wannan bawan Allah, da nauyin da ke wuyansa, muke son mu yi nazari tare da mai karatu.

Yadda aka zo nan

Tun ƙarnoni da suka shuɗe maniyyata daga ƙasar Hausa da Borno ke ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan a ƙasa, suna nufin gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri, wani ya yi aure a hanya ya hayayyafa. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a, har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sannar. Da aka kammala madatsar ruwan Sannar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta ƙara jawo mutane daga yamma. Daga baya gonakin Gadarif suka yi irin wannan kira.

Ranar da ta raba jama'a biyu

A 1948 gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da dokar da ta fayyace wane ne Basudane. Ta ce shi ne wanda yake zaune a ƙasar, shi ko kakanninsa ta wajen uba, tun daga ranar 31 ga Disamba 1897, wato jajibirin shekarar da sojojin Ingila da Masar suka ci Omdurman. Dokar ɗan ƙasa ta 1957, wadda aka yi bayan samun 'yancin kai, ta riƙe wannan rana. Mai karatu zai lura cewa jama'ar Mai Wurno, da duk waɗanda suka iso bayansu, sun faɗa waje da wannan layi da 'yan shekaru kaɗan. Ta haka aka samu nau'i biyu na takardar ɗan ƙasa, wadda suke kira jinsiyya: ta haihuwa, da ta wanda aka ba shi bayan ya nema. A shekarun 1970 aka matso da ranar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta mayar da ita 1 ga Janairu 1956, ranar samun 'yancin Sudan. Kundin tsarin mulki na riƙon ƙwarya na 2005 ya ƙara da cewa duk wanda uwarsa ko ubansa Basudane ne yana da haƙƙin zama ɗan ƙasa.

A bisa wannan doka ta 1994, mafi yawan zuriyar waɗancan mahajjata da manoma 'yan ƙasa ne na haihuwa. Sai dai gyaran doka ya fi gyaran zukata sauƙi. A 2008 wata jaridar Khartum ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, maganar da ke nuna Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Fadar shugaban ta musanta, amma kafin ƙura ta lafa an yi zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwa, an kuma rasa rayuka. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu kan buƙatar Hausawa ta samun sarautar gargajiya tasu, ya sake tashi a Oktoba, ɗaruruwan mutane suka halaka. A ƙarƙashin rikicin duka tambaya guda ce: wa ke da ƙasa, wane ne baƙo?

Lambar da komai ya rataya a kanta

A 2011 Sudan ta yi sabuwar dokar rajistar jama'a, ta kawo lambar ɗan ƙasa da ake kira raƙam wadani. Hukumar da ke bayar da ita tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jami'an 'yan sanda ne kuma ke gudanar da ita. Sannu a hankali fasfo da asusun banki da jarrabawar kammala sakandare da aikin gwamnati duk suka rataya a kan wannan lamba. Wanda mahaifinsa ke da takarda, lamarinsa mai sauƙi ne. Wanda ba shi da ita, sai ya kawo shaidu daga danginsa ta wajen uba, sau da yawa kuma a nemi tabbacin shugaban gargajiya, umda ko shehin ƙauye. Masu bincike da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna nuna cewa ƙabilun kan iyaka da masu asali daga Afirka ta Yamma sun fi kowa shan tambayoyi a wannan mataki.

A wannan shekara ta 2011 ne Sudan ta Kudu ta ɓalle, aka gyara doka ta yadda duk wanda ake ganin ya cancanci zama ɗan sabuwar ƙasar zai rasa zamansa na ɗan Sudan kai tsaye. Wata yarinya da uwarta 'yar Sudan ce, mahaifinta kuma ɗan asalin kudu, an hana ta lambar, hanyar jami'a ta toshe mata. Ƙararta ta kai gaban kwamitin ƙwararru na Tarayyar Afirka kan haƙƙin yara, wanda ya yanke hukunci a 2018 cewa an tauye mata haƙƙi. Kafin maganar ta kai can, a teburin wani ƙaramin jami'i aka fara ce mata a'a.

Yaƙi ya ƙara dagula lissafi

A watan Nuwamba na 2020 yaƙin Tigray ya koro dubban 'yan Habasha zuwa gabashin Sudan, aka tsugunar da da yawansu a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba a jihar Gadarif. Sannan a ranar 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, Sinja kuma a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Gadarif, da yawansu da kayan jikinsu kawai. Takardu sun ƙone ko sun ɓace a shingayen hanya, dangi sun warwatsu, dattawan da za su yi shaida wasu sun rasu. A Disamba 2024 aka fara canjin takardun kuɗi ta hanyar asusun banki, abin da ya ƙara wa takardar shaida muhimmanci. A cikin wannan yanayi ne kuma aka riƙa jin abin da mutane suka laƙaba wa suna "dokar baƙin fuskoki". Ba doka ce rubutacciya ba, amma masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ba da rahoton kame mutane bisa zargin da ya ginu kan ƙabila ko yankin da suka fito.

Gaba kura, baya sayaki

To, mu sa kanmu a kujerar jami'in. Adalci ne mu fara da cewa tsoronsa yana da tushe. Takardun jabu gaskiya ne, kuma ƙasa tana da haƙƙin sanin 'ya'yanta. A 2020 hukumomin riƙon ƙwarya sun soke takardun zama ɗan ƙasa na baƙi fiye da 3,000 da aka ba su a zamanin al-Bashir, bisa zargin an same su ba bisa ƙa'ida ba. Jami'in ya san idan ya sa hannu a fayil ɗin da daga baya aka gano akwai ƙarya a ciki, shi za a kira, aikinsa da mutuncinsa na iya tafiya, a lokacin yaƙi ma har a zarge shi da cin amanar ƙasa. Amma idan ya mayar da mai gaskiya, babu wanda zai tambaye shi, domin tsohuwar da ya sallama ba ta da lauya, ba ta kuma san ƙofar da ake kai ƙara ba. Ma'auni ya karkata gefe guda: kuskuren bayarwa ana hukunta shi, kuskuren hanawa ba a ko ƙirga shi. Shi ya sa zuciya ke raya masa cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya ce "dawo gobe", har mai nema ya gaji ya daina zuwa.

Jarrabawa ta biyu daga ɓangaren tausayi take zuwa. Mu ƙaddara wata bazawara ta zo da jikanta maraya, iyayensa sun mutu a hanyar gudun hijira, babu wani namiji daga dangin uba da zai tsaya masa. Wani maƙwabci mai takarda ya ce a rubuta yaron cikin 'ya'yansa a huta. Ko kuwa wani saurayi ya roƙi a rubuta masa sunan wata ƙabila da ba a yawan tuhuma, don fayil ɗinsa ya wuce. Jami'i mai taushin zuciya zai ji kamar rufe ido a nan sadaka ce.

Ta uku ita ce ta jini. Idan jami'in shi kansa Bahaushe ne, danginsa na jiran ya sassauta musu, abokan aikinsa kuma suna sa masa ido. Wani sai ya karkata ga nasa, wani kuma ya fi kowa tsanantawa a kansu don ya nuna ba ya son kai. Ta huɗu ita ce ta aljihu: albashi ya makara, farashi ya tashi, ga dillali a bakin ƙofa yana cewa mai fayil ya ba da "na goro". Ta biyar kuwa umarnin baki ne daga sama, wanda ba a rubuta shi ba, cewa masu irin wannan suna ko masu fitowa daga wancan yanki a jinkirta nasu.

Abin da malamai suka shimfiɗa

Addininmu bai bar wannan ma'aikaci cikin duhu ba. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta haɗa umarni biyu wuri guda: mayar da amana ga masu ita, da yin hukunci da adalci tsakanin mutane. Takardar ɗan ƙasa amana ce mai fuska biyu. Ba wa wanda bai cancanta ba cin amanar jama'a ne, hana wanda ya cancanta kuma cin amanar mai haƙƙi ne. Saboda haka ƙin sa hannu ba mafaka ba ce a wurin Allah, ko da ta zama mafaka a wurin shugaban ofis. Aya ta 135 ta wannan sura ta hana karkata saboda dangi, ta kuma hana karkata saboda wadatar mutum ko talaucinsa, aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kuwa ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga zaluntarsu. Waɗannan sun rufe ƙofar son kai da ta ƙabilanci gaba ɗaya.

Game da ƙaryar tausayi, aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta yi umarni a kira yara da sunan ubanninsu, ta kuma bayyana cewa idan ba a san uban ba, to 'yan uwa ne a addini. Hadisi ingantacce ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Hikimar a fili take: nasaba tana ɗauke da gado da waliccin aure da sanin muharramai. Ban da haka, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka gano ta, yaron da aka so a taimaka shi ne zai rasa takardar, a kuma samu hujjar ƙara tsananta wa duk jama'arsa.

Sai dai fiƙihun da ya hana ƙarya shi ne kuma ya faɗaɗa hanyar tabbatar da gaskiya. Malaman Malikiyya, mazhabar da Sudan da ƙasar Hausa suka yi tarayya a kanta, sun karɓi shaidar ji a kan nasaba da mutuwa da aure, wato amintattun mutane su shaida cewa tun tasowarsu abin da ya yaɗu a gari shi ne wane ɗan wane ne. Sun yi haka ne don sun san waɗanda suka ga haihuwa da idonsu ba sa dawwama. Sun kuma kafa ƙa'idar cewa shakka ba ta ture yaƙini, kuma asali ana gaskata mutane kan nasabarsu. Tsintaccen yaro ma, tun zamanin Sayyidina Umar an hukunta cewa ɗa ne, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali. Dokar Sudan ta 1994 ta tafi a kan irin wannan, domin ta ɗauki yaron da aka tsinta ba a san iyayensa ba a matsayin ɗan ƙasa har sai an tabbatar da akasin haka.

A kan na goro kuwa, ƙissar Ibnul Lutbiyya ta isa wa'azi. An aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, sai Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da babu mai kawo masa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin halayen mulkin zalunci, ƙanensa Abdullahi kuma ya tsara ladubban masu riƙe da al'amuran jama'a a Liya'ul Hukkami. Jikokin waɗanda suka yi hijira da waɗannan littattafai a cikin gafakarsu ne ke tsaye a layin Gadarif.

Hanyar da ta rage wa mai tsoron Allah

Ƙaramin jami'i ba shi ya yi doka ba, ba kuma zai iya canja ta ba, amma tsakanin ƙarya da kora akwai fili mai faɗi. Zai iya auna kowa da mudu ɗaya: abin da bai nema daga ɗan wata ƙabila ba, kada ya nema daga Bahaushe ko ɗan Darfur. Zai iya taya raunana neman hujja maimakon jiran su kawo: tsohuwar rajistar makaranta, katin rigakafi, takardar gona, lambar wani ɗan uwa da ke cikin na'ura, shaidar limami da shehin ƙauye, gwargwadon abin da ƙa'ida ta yarda. Idan hujja ta gaza, ya faɗi abin da ya rage a fili, ya rubuta dalilin ƙin amincewa, ya nuna inda ake ɗaukaka ƙara, domin "dawo gobe" hukunci ne da ba a iya ƙalubalanta. Idan an ba shi umarnin wariya da baki, ya nemi a rubuta, sau da yawa mai umarnin ba zai yarda ya sa hannu ba. Idan fayil na danginsa ne, ya miƙa wa abokin aiki. Idan kuma mai nema ɗan gudun hijira ne daga Habasha ko Eritriya wanda doka ba ta ba shi zama ɗan ƙasa ba, ya gaya masa gaskiya cikin mutunci, ya tura shi ga hukumar 'yan gudun hijira, ya kuma tabbatar an yi wa jaririnsa rajistar haihuwa, domin wannan haƙƙin kowane yaro ne a ƙarƙashin yarjejeniyar haƙƙin yara da Sudan ta amince da ita a 1990. A wasiƙarsa ga Abu Musa al-Ash'ari, Sayyidina Umar ya yi umarni a daidaita mutane har a kallo da wurin zama, don kada mai ƙarfi ya yi kwaɗayin a karkata masa, kada mai rauni ya fid da rai daga adalci.

Nauyi na gaba yana kan shugabanni. Muddin ana hukunta jami'i kan bayarwa kaɗai, ba a taɓa tambayarsa mutum nawa ya mayar da kuma dalili, to tsoro ne zai ci gaba da riƙe alƙalami. A Fabrairu 2024 Tarayyar Afirka ta amince da wata yarjejeniya kan haƙƙin zama ɗan ƙasa da kawar da matsalar marasa ƙasa, amma amfaninta ba zai bayyana ba sai ƙasashe sun rattaba hannu, ya kuma sauko har teburin ƙaramin ma'aikaci.

Darasi ga gidajenmu

Kada mai karatu ya ɗauka labarin nesa ne. A Nijeriya, tun 2021 ɗalibi ba ya rajistar jarrabawar shiga jami'a sai da lambar NIN, kuma takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ta daɗe tana wahalar da waɗanda aka haifa a garin da ba na kakanninsu ba. A Nijar ana fita da alƙalai ƙauyuka don ba da takardar haihuwa ga waɗanda lokacin rajistarsu ya wuce. A Kodebuwa rigimar wane ne ɗan ƙasa na cikin abubuwan da suka hura wutar yaƙin 2002, har yarjejeniyar Wagadugu ta 2007 ta tanadi irin waɗannan kotuna na tafi-da-gidanka.

Rigakafi ya fi magani. Maigida ya yi wa jariri rajista kafin ko bayan ragon suna ba tare da jinkiri ba, mace da namiji, ya tabbatar an rubuta suna iri ɗaya a kowace takarda. A ɗauki hoton takardu a ajiye a waya da wurin wani ɗan uwa a wani gari. A rubuta sunayen kakanni da garuruwan da suka zauna tun dattawa suna raye. Wanda aka kira shaida a kan abin da ya sani kada ya noƙe, domin aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta siffanta mai ɓoye shaida da mai zunubin zuciya, kada kuma ya shaida abin da bai sani ba. Kwamitocin masallatai su raka zawarawa da marayu da tsofaffi zuwa ofis, domin wanda aka raka ba a cika wulaƙanta shi ba. Iyalin ma'aikaci kuwa su taimake shi da haƙuri da abin da ya samu na halal, kada su zama su ne masu tura shi ga abin da zai yi nadama a kai.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da waɗanda suka rabu da gidajensu cikin aminci, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuma ba duk wanda aka damƙa wa alƙalami ikon sauke amanarsa. Amin.